Kiɗan Maraɗi Da Ya Fita Ta Yamai Ya Dawo Ta Kano

A shekarar 1994 wani kamfani na birnin Landan mai suna Stern's ya fitar da faifai da aka raɗa wa suna Niamey Twice. Mawaƙa biyu 'yan Nijar suka raba shi tsakaninsu: Musa Pusi, wanda yawancin waƙoƙinsa da Zabarmanci suke, da wani ɗan Maraɗi da duniya ta sani da Sa'adu Bori. A wancan zamani Mali na taƙama da Salif Keita da Ali Farka Ture, Senegal na da Yusu Ndur, mu kuwa in an zo lissafin kiɗan zamani na Afirka ta Yamma sai a tsallake mu. An yi faifan ne da nufin kasuwar Turai. Amma inda rabon Sa'adu ya fashe da gaske ba Turai ba ne. Kano ce da Katsina da Kaduna, da tashoshin mota da rumfunan kasuwa na ƙasar Hausa, har zuwa garuruwa irin namu na Dakoro da ke bakin daji.

Dakoro na da nisan kilomita kusan 120 arewa da Maraɗi, a inda gonakin hatsi ke fara ƙarewa, makiyaya ke karɓar fili. Bahaushe da Bafillace da Buzu kasuwa ɗaya suke ci. Kafin wayar hannu ta zo, duk abin da mutumin Dakoro ya sani na duniya ta akwatin rediyo ya same shi. Makiyayi na ɗinka wa tasa riga ta fata, ya rataya ta a kafaɗa tare da sanda. Mai shayi na ɗora tasa kan tebur, ya ƙulla wa eriya guntuwar waya ya maƙala a jikin rumfa. In batir ya yi sanyi a shanya shi a rana, a mayar, a samu ko da rabin sa'a. Muryar Sahel ta Yamai tana raba lokacinta tsakanin Faransanci da harsunan ƙasa, saboda haka Hausa kasonta kawai take samu. Rediyon Kaduna kuwa kusan wuni ake yi da Hausa, ga Zaɓi Sonka, inda ake karanto sunayen masu gaisuwa gari bayan gari kafin a sa waƙa. Kunnen ɗan jihar Maraɗi tun asali kudu yake fuskanta. Shata da Ɗan Maraya Jos da Ɗan Anace mun san su kamar 'yan unguwarmu. Abin da ba mu saba ji ba shi ne a ce ga ɗan Maraɗi da jita da gangunan Turawa, rediyoyin Najeriya na sa shi safe da yamma.

Hanyar da ta kai Sa'adu can ta faro ne daga zamanin mulkin Seyni Kunce, wanda ya karɓi ƙasa a 1974. Kunce ya raya samariya, aka riƙa yin bikin matasa na ƙasa inda kowace jiha ke kawo mawaƙanta da 'yan rawarta su kara da juna. An samu horo a wannan fage, ba a musu. Amma waƙar da ake so a lokacin ita ce ta haɗin kan ƙasa da noma da dashen itace, kuma gidan rediyo guda ne, na gwamnati. Yaron da ke son kiɗan jita sai ya raɓu da ƙungiyar makaɗan garinsu, ya yi ta kwaikwayon kiɗan Kongo da na Kuba da na Mali a wurin rawar dare. Ga kuma kallon da ake yi masa a gida. A ƙasar Hausa kiɗa gado ne, wanda bai gada ba kuwa ya ɗauka, sunansa ɗan iska ko maroƙi, ba kowane uba ke ba shi 'ya ba.

A 1987, shekarar da Kunce ya rasu, aka fara gasar kiɗan zamani da aka sa wa sunan Ɗan Gurmu, shahararren makaɗin nan na Tawa. Gasar ta tura matasa su koma su tono abin da ke gidajensu maimakon aron na wasu. Ba da daɗewa ba aka buɗe cibiyar horar da makaɗa a Yamai, wadda ke ɗauke da sunan Alhaji Taya, da tallafin ƙasashen Turai. Can aka tara 'yan wannan zubi: Adams Junior mai rege, Fati Mariko, Sani Abusa, John Sofakole, Yakuba Mumuni mai sarewa wanda daga baya ya kafa Mamar Kassey, da Musa Pusi, da Sa'adu. Kowa da abin da ya zo da shi daga garinsu. Abin da Sa'adu ya zo da shi shi ne ya zame masa suna.

Maraɗi gari ne da Katsinawan da suka ƙi miƙa wuya bayan jihadi suka kafa a farkon ƙarni na 19, Gobirawa kuma suka zauna kusa da su a Tsibiri. Sun taho da tsohon tsarin sarautarsu, cikinsa har da bori. A fadar Maraɗi akwai sarautar Iya, mace 'yar gidan sarauta wadda 'yan bori ke ƙarƙashinta, a Gobir kuma Inna ake ce mata. Yaron da ya tashi a Maraɗi, ko gidansu gidan malamai ne, sai ya ji wannan kiɗa ta kan katanga.

Wanda ya taɓa tsayawa a bakin fagen ya san yadda yake. Mai goge ko mai garaya na zaune kan tabarma, mata na gefe da ƙorai kife a gabansu suna bugu da 'yan sanduna. Kowane iska da takensa: na Sarkin Rafi dabam, na Ɗan Galadima dabam, na Doguwa dabam. Mai goge zai kama take guda ya yi ta juya shi, ba ya ƙara komai sai sauri, masu ƙwarya na matsa masa, kirari na hawa kan kirari, har wadda ake kaɗa wa ta fara rawar jiki. In an gama, ta yi atishawa, a ce ya sauka. Duk ƙarfin kiɗan yana cikin wannan maimaici da ke ƙara zafi a hankali ba tare da an sake hanya ba. Sa'adu ya gane cewa abin da ke motsa fagen bori zai motsa filin rawa. Ya ɗauke bugun ƙwarya ya ba mai ganguna, ya ɗauke zaren goge ya ba jita da fiyano, ya ɗora muryarsa a sama da Hausar Maraɗi tsantsa, ba gyara. A ganina wannan ita ce basirarsa, kuma ba ƙaramin ƙarfin zuciya ba ne saurayi Musulmi ya yarda a riƙa kiransa da sunan abin da mutanen gari ke zuwa wurinsa da dare su yi tir da shi da rana.

Sai Ibrahima Silla ya iso Yamai. Silla ɗan Senegal ne, mai kamfanin Syllart, shi ya fitar da faifan Soro na Salif Keita a 1987, shi ne kuma ya haɗa ƙungiyar Africando. Mutum ne da kunnensa ya san abin da zai sayu. Cikin duk waɗanda ya saurara ya ɗauki Musa Pusi da Sa'adu, aka shiga da su ɗakin ɗaukar sauti na ƙwararru, aka fito da Niamey Twice.

Daga nan labarin ya kuɓuce wa masu kamfani. Faifan CD a 1994 ba kayan talaka ba ne, balle a shekarar da aka karya darajar sefa da rabi, komai na waje ya ninka kuɗi. Kaset ne ya yi aikin. Mai sayar da kaset na da rakoda mai baki biyu a rumfarsa: ya sa na asali a ɗaya, sabo a ɗaya, ya danna, ya rubuta suna da bik a jikin takarda. Daga wannan kwafi wani zai kwafa, daga nasa wani ya kwafa, har sauti ya dushe, amma ana rawa. Hanyar Maraɗi zuwa Ɗan Isa, Jibiya, Katsina, Kano ba ta taɓa rabuwa da 'yan kasuwa ba, kaset ɗin ya bi su. Waƙarsa Dango ta kama arewacin Najeriya, gidajen rediyo suka riƙe ta, aka dinga sa ta a bukukuwa da wuraren shaƙatawa. Kano na da mawaƙan gargajiya da ba a ja da su, tana da masu kiɗan zamani jefi-jefi, amma wannan haɗi na Hausa zalla da kayan kiɗan Turawa da bugun da kowa ya sani tun yana goye ya zo mata sabo.

Mu a arewacin Maraɗi sau biyu ya iso mana. Ya zo ta Yamai, ya kuma dawo ta kudu cikin motocin da ke kawo kaya ranar kasuwa, direba ya ƙure sauti tun daga Kornaka. Na biyun ne ya fi tasiri, kuma abin na ci mini rai har yau: da yawa daga cikinmu ba su ɗauki ɗan jiharsu da daraja ba sai da suka ji Najeriya ta tafa masa. A daidai wannan lokaci ne kuma aka buɗe ƙofa ga rediyoyi masu zaman kansu a Nijar, bayan taron ƙasa na 1991. R et M ta fara a Yamai, Anfani ta biyo baya har ta buɗe reshe a Maraɗi, daga bisani rediyoyin karkara suka bazu. Dukkansu na neman waƙar da za su cika lokaci da ita, ga kuwa ta gida a hannu.

Suna ya yi, ba shakka. Kuɗin kaset kuwa ya tsaya a rumfunan masu kwafi. Mawaƙin da ake ji daga Tawa har Zariya abincinsa na wurin biki da wasan dandali da liƙin da aka yi masa a goshi, ma'ana kullum yana kan hanya. Haka Malam Mamman Barka ya rayu, malamin makarantar nan ɗan Teskar da ya yi suna a ƙasashen biyu da gurminsa. Haka kusan duk 'yan zubin suka rayu.

Iska kuma ta juya. Zamfara ta ƙaddamar da shari'a a ƙarshen 1999, jihohin arewa suka bi, wuraren rawa da yawa suka rufe. A watan Nuwamba na 2000, lokacin da aka kawo bikin nunin tufafi na FIMA Yamai, zanga-zangar ƙin jininsa ta rikiɗe ta zama tarzoma a Maraɗi. Aka ƙona mashaya da rumfunan caca, aka far wa gidajen mata masu zaman kansu da majami'u, wutar ta kai har gidan Iya. Ba kare bori nake yi a matsayin aƙida ba, malamai sun yi bayaninsu kuma na ji. Amma take da bugu da salon murya dukiyar kakanni ce, kuma abin da ya kai sunan Maraɗi kantunan Landan shekara shida kafin wannan rana daga irin wannan tsakar gida ya fito. Wanda ya cinna wutar bai tsaya rarrabe wannan da wancan ba.

'Yar Maraɗin da ta biyo baya wata hanya ta bi. Binta Labaran ta tashi da son waƙoƙin da 'yan mata ke yi a dandali, ta je Kano ziyara wurin yayarta, ta tarar da sana'ar fim ta buɗe kasuwar murya: ana ɗaukar waƙa a ƙaramin ɗaki, mai fiyano guda ya maye gurbin makaɗa goma, jaruma ta hau waƙar a fim tana motsa baki. Ta nemi yardar gida, ta shiga, ta zauna. Kanawa suka sa mata sunan ƙasarta, Fati Nijar, daga baya suka ƙara mata da Gimbiyar Mawaƙa, waƙarta Girma Girma ta zaga ko'ina. Ita ba ta bi ta Yamai ba, ba ta jira wani Silla ba. Muryarta na da daɗi da tsabta, ta kuma ci guminta. Sai dai kiɗan da ke ƙarƙashin muryar na Kano ne, mai ɗanɗanon Indiya, kuma tun daga lokacin yawancin yaranmu masu sha'awar waƙa, na Dakoro da na Tasawa da na Madarumfa, can suke hari. Fiyano ɗaya ya fi sauƙin ciyarwa bisa ƙungiyar mutum goma da kayan sauti da motar ɗaukarsu, shi ya sa ƙungiyoyin makaɗa irin waɗanda suka raini su Sa'adu suka yi ta raguwa a garuruwanmu.

Sa'adu bai daina wasa ba cikin waɗannan shekaru, ko da yake kasuwa ta koma wani wuri. A watan Yunin 2008 ya rasu a haɗarin mota kusa da Maraɗi. Allah ya jiƙansa. Ibrahima Silla ya bi shi a 2013, Mamman Barka a 2018. Rumfunan kaset sun zama shagunan cajin waya, inda yaro ke miƙa memori a zuba masa waƙoƙi ɗari-ɗari daga kwamfuta. A irin waɗannan shaguna, in ka tambayi tsofaffin waƙoƙin Nijar, mai shago zai buɗe maka wani kundi da ya gada daga wani mai shagon, a ciki ka tarar da na Sa'adu, yawancinsu daga tsohon kaset aka juyo su, da shuuu ɗin zaren a farkon kowace waƙa.