Yadda Aka Farfaɗo da Kwamfutar Spirit a Duniyar Mars

Duk wanda ya taɓa aiki da na'ura mai ƙwaƙwalwa, wato kwamfuta, ya san cewa idan ta cije, maganin farko shi ne a kashe ta a sake kunnawa. To, amma yaya za a yi idan kwamfutar tana wata duniya, inda babu hannun da zai kai ga maɓallinta?

Wannan ita ce matsalar da ta fuskanci injiniyoyin Hukumar Binciken Sararin Samaniya ta Amurka, NASA, a shekarar 2004. Ranar 4 ga Janairu wata motar bincike mai sarrafa kanta, mai ƙafa shida, da ake kira Spirit, ta sauka a kwarin Gusev na duniyar Mars. Aiki ya yi ta tafiya lami lafiya har ranar 21 ga wata, lokacin da ta daina aiko da bayanai masu ma'ana.

Da yake masu ƙera irin waɗannan motoci sun san ba za a je gyara ba, sukan tsara su yadda za su ta da kansu. Wata dabara da aka saba amfani da ita ita ce agogon gadi. Misalinsa kamar mai gadin dare ne da aka ce ya riƙa busa usur lokaci-lokaci. In an ji shiru, an san barci ya sace shi, sai a je a tashe shi. Haka nan idan kwamfuta ta kasa ba da alamar tana aiki, ko ta gamu da babban kuskure, sai a kashe ta a sake kunna ta nan take.

A wajen Spirit kuwa, maganin ne ya zama cuta. Motar tana da ma'ajiya iri biyu: ta aiki, wadda ke gogewa da zarar an kashe kwamfuta, da ta dindindin, inda ake adana hotuna da sakamakon gwaje-gwaje. Duk lokacin da kwamfutar ta tashi, sai ta kwafo jerin sunayen fayilolin da ke ma'ajiyar dindindin zuwa ta aiki. Fayilolin sun taru tun daga watanni bakwai na tafiya daga Duniya, har jerin ya fi ƙarfin gurbin da aka ware masa. Saboda haka tana tashi sai ta shaƙe, ta kashe kanta, ta sake tashi, ta sake shaƙewa. Ta yi haka fiye da sau 60.

Babban haɗarin yana wajen batir. Spirit da hasken rana take samun wuta, don haka dole ta yi barci da dare. Ga shi kuwa ta ƙi barci, wuta tana ta zurarewa. Sannan kowane umarni daga cibiyar JPL da ke Kalifoniya sai ya yi kimanin minti 10 kafin ya isa, amsa ma haka. Ana cikin wannan hali tagwaiyarta, Opportunity, ta sauka a ɗaya ɓangaren Mars.

Abin da ya cece ta wata ƙofa ce da masu tsara ta suka bari tun farko: umarnin da ke sa kwamfutar ta tashi ba tare da ta leƙa ma'ajiyar dindindin ba. Da aka aika shi, sai ta natsu, ta karɓi umarni, ta yi barci. Daga nan aka share tsofaffin fayiloli, aka goge ma'ajiyar aka sake tsara ta, kuma a farkon Fabrairu ta koma bakin aiki.

An ƙera Spirit don aikin kwana 90 na Mars, amma sai ranar 22 ga Maris, 2010 aka ji saƙonta na ƙarshe. Motar Curiosity da ta sauka a 2012 kwamfuta biyu aka sa mata, kuma da ma'ajiyar ta farko ta sami tangarɗa a Fabrairun 2013, sai aka mayar da ragamar aiki hannun ta biyu.