Fatar Layya, Majemi da Arzikin da Muke Zubarwa

Duk shekara idan Babbar Sallah ta zo, muna yanka raguna da awaki masu ɗimbin yawa, amma hankalinmu kan tsaya ga nama kaɗai. Fatar kuwa, wata wuƙa ta huhhuda ta wurin fiɗa, wata a yasar da ita ba gishiri har ta ruɓe. Wannan tozarta dukiya ne, kuma Shari'a ta hane mu da shi.

Magabatanmu sun san darajar fata. Fatar jar akuyar Sakkwato da Maraɗi ta ratsa Sahara bisa raƙuman fatake har ta isa Turai, inda aka riƙa kiranta fatar Maroko, domin ta can take biyowa. Majemi ya jeme ta da bagaruwa, a rina ta da karan dafi, baduku ya ɗinka takalmi da jaka da gafakar Alƙur'ani. Kasuwar Kurmi ta Kano, wadda aka kafa a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, ta bunƙasa da irin wannan haja.

A yau masana'antun jima na Challawa da Sharaɗa suna sarrafa fata, sai dai mai yawa daga cikinta ana fitar da ita zuwa ƙasashe irin su Italiya kafin ta zama takalmi. Can ake yanka ta a ɗinka, can kuma babbar ribar take tsayawa, alhali matasanmu suna zaune ba aikin yi.

Wani ɓangare na laifin namu ne. Mun ɗauki jima da dukanci ƙasƙantattun sana'o'i, har wasu kan hana majemi auren 'yarsu. Ina muka samo wannan? Uwar Muminai Zainab bint Jahsh, Allah Ya yarda da ita, tana jima da hannunta, ta yi sadaka da abin da ta samu. Imam Gazali kuma ya lissafa sana'o'in da al'umma ba ta wadatuwa da barinsu cikin farillan kifaya: idan kowa ya bar su, kowa ya yi laifi.

Gyara yana farawa daga wurin yanka. Mu samu mai fiɗa gwani, mu biya shi ladansa daga aljihu, domin ba a biyan mahauci da fatar layya. Mu barbaɗa mata gishiri da wuri, mu ba da ita sadaka ga wanda zai amfana. Dukawa kuma su kyautata aiki: awo daidai, ɗinki mai ƙarko, cika alkawari, kada a sayar da roba da sunan fata. Mai saye ta intanet bai ga fuskarka ba, amanarka kaɗai ya dogara da ita. Mawadata su zuba jari a injinan ɗinki da koyar da yara.

Allah Ya sanya albarka a hannayen masu neman halal.