Fijo 504 da ƙaramar motar zamani: Wacce ta fi dacewa da hanyar Birnin Gwari?

A shekarar 1975 kamfanin PAN da ke Kakuri a Kaduna ya fara haɗa motocin Peugeot, kuma ƙirar 504, wadda aka fitar a Faransa a 1968, ita ce ta zama sarauniyar titunan Arewa har aka daina haɗa ta a 2006. Tsofaffin direbobi na yi mata kirari har gobe, suna raina ƙananan motocin yanzu irin su Kia Picanto. A hanyar Kaduna zuwa Birnin Gwari, wannan gardama ta wuce hirar tasha.

Fijo doguwa ce daga ƙasa, tayoyin baya ne ke tura ta, kuma an ƙera ƙafafunta don jure gargada. Shi ya sa ake lafta mata fasinja da buhunan masara, ta ratsa ramuka da taɓon damina. Injinta mai kafireta ne, ba kwamfuta a ciki. Idan ta mutu, bakanike a Buruku ko Udawa zai tashe ta da sifana da sukundireba, wani lokacin ma direban ne bakanikenta. Picanto kuwa kwamfuta ce ke auna mata mai da wuta. In ta yi gardama, sai an nemi mai na'urar bincike, wanda galibi sai a Kaduna. Ga ta kusa da ƙasa, kowane rami sai cikinta ya ji.

Amma lissafi ya sauya tun 29 ga Mayun 2023 da aka janye tallafin fetur, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 har ta haura 1,000 a ƙarshen 2024. Injin Fijo da aka fi sani ya kusa lita 2, na Picanto lita 1 ne ko 1.2, kuma ba ta shan fiye da kimanin rabin abin da tsohuwar ke zuƙa. Tana kuma da jakar iska da ke kare direba in an yi karo, abin da Fijo ba ta taɓa samu ba.

Sai batun da ya fi kowanne nauyi. Wannan yanki na dajin Kamuku ya shekara da shekaru yana fama da 'yan bindiga. A ƙauyen Gwaska kaɗai an kashe aƙalla mutum 45 a Mayun 2018. Ko da yake sulhun ƙarshen 2024 ya sa an sake buɗe kasuwar shanun Birnin Gwari, direba ba ya son tsayuwar ko minti goma a tsakiyar daji. Sauƙin gyara yana da amfani a gari. A nan, motar da ba ta yawan mutuwa ce ke da daraja. Mafi ƙuruciyar Fijo 504 ta kusa shekara 20, kayan gyaranta kuma sai an tona a kasuwar Panteka.