TSOHUWAR MOTAR ƘUNGIYA: YADDA ZA MU RIƘE TA TA DAƊE

Wannan magana domin ƙungiyar da take da tsohuwar mota mai ja da ƙafa huɗu ce, ko wadda take shirin sayen irinta.

A ƙasashen Bichi, Tsanyawa, Kunchi, Makoɗa da Dambatta gona tana manne da gona. Da zarar an sauka daga kwaltar Katsina ko ta Daura, sai burtali da yashi, da damina kuma rafi da taɓo. Motar da ke kai taki ƙauye, ita ce ke kai gero kasuwar Dawanau, ita ce kuma ake nema da tsakar dare in haihuwa ta zo wa mace da gardama. Ranar da ta ƙi tashi, hasarar tana iya wuce ta kuɗi. Ba tsufa ne yakan kashe irin waɗannan motoci ba. Ƙura ce, da yawan kaya, da rashin wanda aka ɗora wa nauyin kula da su.

Dalilin riƙon tsohuwa

An fara ƙera Land Rover a Ingila a 1948. Daga ƙarshen shekarun 1970 an riƙa haɗa ta a masana'antar Leyland ta Ibadan. Da darajar naira ta faɗi daga 1986, sabuwar mota ta fi ƙarfin ƙananan ƙungiyoyi, aka koma kan 'yan kwatano, musamman Toyota Hilux da Land Cruiser. A 2016 kamfanin Land Rover ya daina ƙera tsohon samfurin ɗungum. A 2023 kuma aka janye tallafin man fetur, kowace tafiya ta ƙara tsada. Don haka wadda take hannu, ita ce dukiyarmu. Alherin tsohuwar mota shi ne ba ta da kwamfuta a ciki. Makanikin gari yana iya kwance ta ya ɗaura da sifana da filaya.

Giyar taimako

A tsohuwar Land Rover ƙafafun baya kaɗai ke tura mota a kan hanya mai kyau. In an danna sanda mai jan-ɗorawar kai, watau mai ruwan ƙwai, ƙafafun gaba su ma su kama ja. In an tsaya cik aka jawo mai jan kai baya, an shiga ƙaramar giya, mota ta rage gudu ta ƙara ƙarfi. Hilux da Land Cruiser da yawa suna da makulli a tsakiyar ƙafafun gaba, wanda sai an sauka an murɗa shi da hannu kafin taimako ya yi aiki.

A kiyaye abu biyu. Na fari, a sa taimako tun kafin a shiga yashi, ba bayan mota ta kafe ba. In yashin yana da zurfi a rage iskar taya kaɗan, a mayar da famfo bayan an fita. Na biyu, a cire taimako da an hau kwalta. Ga dalili: a kan kwana, ƙafafun gaba suna cin tafiya fiye da na baya, alhali taimako ya ɗaure su wuri ɗaya. A cikin yashi taya takan ɗan zame, ƙarfin ya fita. A kan kwalta ba wurin zamewa, sai ƙarfin ya koma kan haƙoran giya da farfela, taya kuma ta cinye da wuri.

Ƙura

Ƙurar hunturu in ta shiga inji ta gauraya da mai, aikin dutsen wasa take yi. Tsohuwar Land Rover tana da matatar iska mai kwanon baƙin mai a ƙasa. A lokacin hazo a kwance kwanon kowane mako, a zubar da laka, a wanke da kananzir, a zuba sabon mai daidai alama. In matatar ta takarda ce, a kaɗe ta a hankali, kada a wanke ta da ruwa. In ta huje, a sake sabuwa. A duba robar da ta tashi daga matata zuwa inji, gama tsaga ɗaya ta isa ta ɓata dukan aikin.

Mai da giris

Direbobi da yawa baƙin man inji kaɗai suka sani. Amma a Land Rover wurin mai takwas ne: inji, akwatin giya, akwatin taimako, aksil na gaba, aksil na baya, mahaɗar ƙafafun gaba biyu, da akwatin sitiyari. Banda inji, sauran man giya mai kauri, lamba 90, suke sha. A duba su kowane wata. A hanyoyinmu kada man inji ya wuce kilomita 5,000 ba a juye shi ba, a sake matatar mai tare da shi. A ɗura giris a mahaɗan farfela.

Bayan an ƙetare rafi mai zurfi, a buɗe notin aksil a duba. In man ya yi fari kamar kunu, ruwa ya shiga, a juye shi ran nan. A bisa kowane aksil akwai 'yar kafar numfashi. In laka ta toshe ta, zafi yakan tura mai ya fita ta wajen ƙafa ya jiƙe birki.

Lagireto da birki

Ruwan rijiya yakan bar farin gishiri a cikin lagireto, kamar yadda yake yi wa buta. Ruwan sama da aka tace ya fi, tare da maganin hana tsatsa. In mota tana zafi, wasu makanikai sukan cire ɗan bawul ɗin da suke kira tamostat su yar. Wannan ɓoye ciwo ne. A nemi ainihin dalili: ko fambel ya saki, ko ƙaiƙayi da ƙura sun toshe fuskar lagireto, ko murfi ya lalace. Kada a buɗe murfin lagireto inji yana tafasa.

Man birki kuwa ba shi da madadi. Baƙin mai yana kumbura robobin birki, ruwan sabulu yana tafasa ya kuma ci ƙarfe. In man birki yana raguwa, akwai inda yake yoyo, kada mota ta fita sai an gano wurin.

Taki da tsatsa

Jikin Land Rover na alminiyum ne, ba ya tsatsa, sai mutum ya ɗauka motar lafiya lau take. Amma ƙarfen da ke ɗauke da ita a ƙasa yana tsatsa. Takin zamani, ko yuriya ko kamfa, in ya zube ya sha laima yana cin ƙarfe ƙwarai. A shimfiɗa tamfol kafin lodi, a wanke bayan mota da ƙarƙashinta bayan an sauke. Sau ɗaya a shekara, bayan kaka, a shiga ƙarƙashi da guduma a ƙwanƙwasa, musamman inda sifirin yake kamawa. Inda ya yi taushi a kai wa mai walda tun ramin yana ƙarami. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga.

Kaya da ƙare-ƙare

Doguwar Land Rover, a hanyar daji, ba a yi ta domin fiye da buhu takwas na kilo 100 ba. Gajeriyar kuwa buhu huɗu. In an ninka haka, sandar aksil ta baya ita ce takan karye, sau da yawa a tsakiyar yashi. Sawu biyu sun fi araha bisa ga karaya ɗaya.

Ƙara ganyen sifirin yana hana mota durƙusawa, amma ba ya ƙara wa aksil ko birki ko taya ƙarfi. Dogon keji a bisa rufi, in an cika shi da buhuna, yana sa mota ta kife a gefen kwari. Kada a naɗa waya a maimakon fis, kada kuma a ɗaura jarkar fetur a bisa inji da tiyo, gama gobara ke nan. Mai son mayar da mota ta yi aiki da iskar gas, sai ya je wurin da hukuma ta amince da shi. Tukunyar gas ta girki ko wadda aka yi wa walda ba ta ɗaukar wannan matsi.

Akwai ƙari mai amfani: ƙarin matatar mai kafin inji, ragar ƙarfe a gaban lagireto, safaya taya ta biyu, da wurin rataye shebur da katako na sa wa jak a cikin yashi. In za a sake inji, a zaɓi wanda ake samun kayansa a Kano, a kuma gyara takardun mota. Wanda za shi Ƙofar Ruwa sayen kayan gyara ya tafi da tsohon a hannu domin gwadawa, ya tafi da makaniki kuma. Na hannu mai asali sau da yawa ya fi sabon jabu. Amma kayan birki da na sitiyari, a sayi sabo mai kyau. Araha ba ta ado.

Aikin kwamiti

Duk abin da aka faɗa a sama ba zai yiwu ba sai da tsari. Ga shawara huɗu:

1. Direba ɗaya, makulli ɗaya. Kowace safiya ya duba mai, ruwa, taya, birki da batir kafin ya ta da inji.
2. Littafi a cikin mota. A rubuta kwanan wata, inda aka je, kilomita, man da aka sha, da gyaran da aka yi. Sakatare ya karanta shi a taron wata.
3. Asusun gyara dabam. Bayan an fitar da kuɗin mai da ladan direba, rabin abin da ya rage ya shiga asusun, kada a ranta shi domin biki. Kowa ya biya kuɗin tafiya, har shugaba da dattawan ekklesiya. Marar lafiya kaɗai za a ɗauka tukuna a yi maganar kuɗi daga baya.
4. Babban gyara a watan Afrilu, kafin ruwa ya sauka a fara jigilar taki.

Motar nan gumin mutane da yawa ce, har da gwauraye da suka ba da mudun gero. Amana ce a hannunmu, za mu kuwa ba da lissafinta. Bari kowane kwamiti ya sa wannan magana a taronsa na gaba, ya fitar da mutum biyu su duba wuraren man nan takwas tare da direba. In kunne ya ji, jiki ya tsira.