Fanka na juyi, allo baƙi ƙirin: ina matsalar take?

An danna maɓalli, fitilar gaban akwati ta kama, fanka na ta huci, amma allo ya ƙi nuna komai. Wani lokaci ya ɗan rubuto "No Signal" sannan ya koma duhu. Duk mai aiki da kwamfutar tebur, a ofis ne ko a shagon buga takardu, in bai gamu da wannan ba tukuna to yana tafe. Abin da ke ba ni takaici shi ne hukuncin da ake saurin yankewa: "Ai sai an yi mata fomatin." Daga nan sai a ciro rumbun ajiya a kai shi wata kwamfutar a share, takardun shekara da shekaru su tafi, a dawo da shi, allo kuma yana nan baƙi yadda aka bar shi.

Dalili kuwa a fili yake. Kafin kwamfuta ta taɓa Windows, akwai wata ƙaramar manhaja da ke zaune a jikin babban fallenta, wato madabod, ana kiranta BIOS, ko UEFI a sababbin injuna. Ita ce ke fara tashi, ta bi kayan ciki ɗaya bayan ɗaya tana duba lafiyarsu: firosesa, RAM, sashen hoto. Wannan bincike shi ake kira POST. Sai ya wuce lafiya tambarin Dell ko HP ko Lenovo ke fitowa, sannan a miƙa ragama ga Windows. Saboda haka in ko tambarin bai fito ba, ba a ma kai ga Windows ba, balle a ɗora mata laifi. Ajiyarka tana nan kwance a rumbunta, ba abin da ya same ta.

In kuwa tambarin na fitowa sai daga baya allo ya yi duhu, wannan wata cuta ce daban, galibi daga manhajar da ke tafiyar da hoto. Danna maɓallan Windows da Ctrl da Shift da B gaba ɗaya yakan farkar da ita.

A fara da abin da bai buƙatar sukudireba. Monita na da tata wayar wutar, kuma ita ma takan saki. In ka danna maɓallin tsare-tsarenta ta nuno rubutu, to tana da rai. Sai a duba ta wace ƙofa aka ce ta karɓi hoto, domin monita mai ƙofofi biyu ko uku tana iya zuba ido ga HDMI alhali wayar VGA aka sa mata. Ita VGA, mai shuɗin kai da aka saba gani, tun 1987 kamfanin IBM ya fito da ita, kuma kanta na da ƙusoshi 15 a jere uku; ƙusa ɗaya ta lanƙwashe a ciki ta isa ta ɓata hoto ko ta ɗauke shi. Masu amfani da ɗan abin juya HDMI zuwa VGA su sani hanya ɗaya yake bi, in aka juya shi ba ya aiki. Hanya mafi sauri ita ce a ari wata waya, ko a jona akwatin da talabijin.

Akwai kuskuren da ke kama har waɗanda suka daɗe a harkar. In kwamfuta na da katin hoto na daban, za ka ga ƙofofin hoto a wuri biyu a bayanta: na sama kusa da ramukan USB, na madabod ke nan, da na ƙasa a jikin katin. Yawancin injuna suna rufe na saman da zarar sun ga kati, don haka a ƙasa ake sa waya. Wasu firosesoshin ma ba su da sashen hoto ko kaɗan, kamar na Intel masu harafin F a ƙarshen lambarsu, irin i5-9400F, da yawancin Ryzen na AMD da suka gabaci jerin 7000 in ba masu harafin G ba. Irin waɗannan, ko shekara za ka yi da waya a ƙofar madabod ba za ka ga hoto ba.

In duk wannan bai yi ba, sai a kasa kunne, don kwamfuta takan faɗi inda ke mata ciwo. Ƙara ɗaya gajeriya a yawancin injuna na nufin lafiya lau. A tsohon BIOS na Award, doguwa ɗaya da gajeru biyu na nufin sashen hoto, ƙara mai maimaituwa ba tsayawa kuma ta fi nuni ga RAM. Kowane kamfani da nasa tsarin, shi ya sa ake ƙirga ƙarar a nemi fassararta a littafin injin. Dell kan yi amfani da ƙyaftawar fitilar maɓallin kunnawa, wasu sababbin madabod kuma na da ƙananan fitilu huɗu masu rubutun CPU, DRAM, VGA da BOOT; wadda ta tsaya a kunne, nan aka maƙale. Ga wata dabara mai sauƙi: danna Caps Lock a kibod. In fitilarsa na kamawa tana mutuwa, alama ce injin ya tashi, matsalar tana tsakaninsa da allo. In ko gezau ba ta yi ba, sai an buɗe ciki.

Kafin a buɗe, a zare wayar wuta daga soket, a danne maɓallin kunnawa na kamar daƙiƙa 20 don ragowar wutar ta fice, sannan a taɓa ƙarfen akwatin da hannu. Wannan taɓawa ba camfi ba ce. A lokacin hunturu jiki na tara irin wutar nan da ke tartsatsi in ka taɓa ƙofar mota, kuma ɗan abin da ba ka ko ji ba ya isa ya lalata kayan ciki.

A ganina RAM ce ta fi cancanta a fara tuhuma. Siririn falle ne mai haƙoran zinariya a ƙasa, 240 a DDR3, 288 a DDR4, kuma kowane haƙori sai ya haɗu da abokinsa a cikin rami. Ƙurar hunturu da fanka ke zuƙowa, zafin rana da sanyin dare da ke sa ƙarfe buɗewa da tsukewa, jijjigar ɗauko injin a bayan babur, kowanne na iya raba haƙori ɗaya da wurinsa. Sai a buɗe maƙallan gefe, a zaro fallen ta bakinsa, a goge haƙoran a hankali da farin magogin fensir, a kaɗe ɓurɓushin, a share ramin da busasshen burushi. Kada a hura da baki, akwai danshi a numfashi. Wajen mayarwa a daidaita tsagar da ke jikin fallen da ɗan tudun da ke cikin ramin, a danna da ƙarfi har maƙallan su ce ƙas. Mutane da yawa na jin tsoron dannawa, sai su bar shi rabi a ciki rabi a waje. In fallayen biyu ne, a gwada ɗaya shi kaɗai, sannan ɗayan, sannan a sauya rami. Masu gyara ma kan cire RAM ɗin duka su kunna: in injin mai ƙararrawa ne ya yi ihun rashinta, to madabod da firosesa na da sauran numfashi. Sabuwar kwamfuta mai DDR5 kuwa takan yi 'yan mintuna allo na duhu a kunnawar farko tana daidaita kanta, a ba ta lokaci.

Katin hoto ma haka ake cire shi a mayar, a tabbatar wayar wutarsa mai baki 6 ko 8 ta shiga. In firosesa na da sashen hoto, a ajiye katin gefe a gwada ƙofar madabod.

Sai ɗan batirin nan mai kamar kwabo, CR2032, mai ƙarfin volt 3, wanda ke riƙe agogo da tsare-tsaren BIOS. Cire shi na kamar minti 5 yana mayar da komai yadda ya fito daga kamfani, kuma yakan warware rikicin da ɗaukewar wuta ba zato ta haddasa. Sai dai wanda ya kulle rumbunsa da BitLocker ya tanadi lambobin buɗewa tukuna, don kwamfutar na iya tambayar su.

Juyin fanka ba shaida ba ce cewa akwatin raba wuta na da lafiya. Yana fitar da volt 12 da 5 da 3.3, kuma fanka kaɗan take ci. Tana iya juyi alhali firosesa bai samu abin da zai tashe shi ba. A duba babbar waya mai baki 24, da ƙaramar mai baki 4 ko 8 da ke kusa da firosesa, wadda aka fi mantawa da ita bayan shara. Inda wuta ke zuwa rabi-rabi, ko janareta ke hawa da sauka, wannan akwati ne ke fara shan wuya, don haka kuɗin sitabilaiza ba asara ba ne. Tsofaffin injunan da aka shigo da su daga Amurka kan zo da wani jan maɓalli a baya mai 115 da 230. A tabbatar yana kan 230 kafin a jona, in ba haka ba sai hayaƙi. Shi akwatin kansa ba a buɗe shi, yana riƙe wuta mai haɗari ko bayan an zare waya. Ana gwada shi ne ta hanyar sa wani mai lafiya a madadinsa.

Duk wannan, abu ɗaya ake canzawa a kunna a gani, kafin a taɓa na gaba. Wanda ya sauya waya da RAM da batir a lokaci guda, ko ta tashi bai san me ya gyara ba, kuma ran da ta sake zai koma farko.

In an bi duka ba labari, saura madabod ko firosesa, kuma nan aikin mai gyara ne. A dubi ƙananan gwangwanayen da ke tsaye a kan madabod. In kan ɗaya ya kumbura ko ya yi tsatsa-tsatsa, an ga mai laifi. A je wa mai gyara da bayanin ƙarar da aka ji da abubuwan da aka riga aka gwada, a kuma ce masa kada ya taɓa rumbun ajiya. In ma da hali, a ciro rumbun a bar shi a gida, don ba a buƙatarsa wajen gano ko hoto zai fito.