Lauya mai ofishin kansa: Ta wace ƙofa masu shari'a za su shigo?

Duk shekara makarantar horar da lauyoyi ta Najeriya, wadda aka kafa a Legas a 1962 kuma take da rassa a wurare irin su Bagauda da Yola, tana yaye dubban matasa. Manyan ofisoshin lauyoyi ba za su iya kwashe su ba, gwamnati kuwa ba kullum take ɗaukar ma'aikata ba. Saboda haka da yawa cikin 'ya'yanmu, bayan ɗan zama a ƙarƙashin wani babban lauya, sukan kama ɗaki guda kusa da kotu, su sa tebur da kujeru da kwamfuta, su rataya allo. Daga ranar nan lauya shi ne maigida, shi ne akawu, wani lokaci shi ne masinja. Ga haya, ga man janareta, ga kuɗin izinin aiki da ake biya kafin watan Maris ya ƙare kowace shekara. Abin da ke hana shi barci shi ne ta inda masu shari'a za su shigo.

Har yanzu akwai gidajen da ake ɗari-ɗari da wannan sana'a, alhali malaman fiƙihu tuni suka sanya ta a babin wakilci. An ruwaito cewa Sayyidina Aliyu, Allah ya ƙara masa yarda, yakan wakilta ɗan'uwansa Aƙilu ya tsaya masa a husuma. Littattafan Malikiyya da alƙalanmu ke hukunci da su, kamar Muhtasar na Shaihu Halil da Tuhfatul Hukkam ta Ibnu Asim, sun yi bayanin sharuɗɗanta. Babban abin kiyayewa shi ne wanda aya ta 105 a Suratun Nisa'i ta yi nuni gare shi, wato kada mutum ya tsaya wa wanda ya san maha'inci ne don ya cinye haƙƙin wani.

Ƙa'idojin aikin lauya na 2007, waɗanda aka sabunta a 2023, ba su toshe ƙofar talla baki ɗaya ba, amma sun ƙuntata ta. Lauya yana iya buga kati mai sunansa da adireshinsa da shaidar karatunsa, ya kafa allo madaidaici a ƙofar ofis. Ba shi da damar cewa ya fi wane iya aiki, ko ya lissafa shari'o'in da ya ci, ko ya raba takardu a kasuwa yana kiran jama'a. Akwai kuma wata ƙa'ida da ta shafi mai aiki shi kaɗai kai tsaye: kada ya raɗa wa ofishinsa sunan da zai sa a zaci yana da abokan tarayya. Mai karatu zai lura cewa wannan ba baƙon abu ba ne gare mu. Shi ne dai hanin da muka sani na ƙawata haja da abin da babu a cikinta.

Inda ƙafa ta fi zamewa shi ne wajen 'yan kamasho. A harabar kotuna da bakin ofisoshin 'yan sanda ba a rasa masu tare uwar da aka kama ɗanta, hankalinta a tashe, su ce sun san lauyan da zai fito da shi yau-yau. Matashin da ya yi wata biyu babu wanda ya ƙwanƙwasa masa ƙofa yakan ga wannan dillali tamkar ruwa ne a lokacin ƙishi. Amma ƙa'ida ta hana neman aiki ta hannun irin waɗannan mutane, ta kuma hana lauya raba ladan aikinsa da wanda ba lauya ba. Kason dillalin daga aljihun matar nan yake fitowa ba da saninta ba, alƙawarin da aka yi mata kuma da sunan lauya aka yi shi. Idan beli bai samu ba, ɗan kamasho ya ɓace, sunan lauya ne zai zaga unguwa. Idan aka yi rashin sa'a magana ta kai gaban kwamitin ladabtar da lauyoyi, wanda ke da ikon soke sunan mutum daga rajista.

Hanyar da muke ganin ta fi ɗorewa tana da jinkiri. Ta farko ita ce mutum ya zaɓi fage guda ya ƙware. Wanda ya karanci shari'ar Musulunci haɗe da dokar ƙasa a Jami'ar Bayero ko ta Ahmadu Bello, ya iya lissafin gado, ya san takardun filaye, yana riƙe da abin da gidajenmu ke nema kullum. Sai wayar da kai. An yarda lauya ya yi rubutu a jarida ko ya shiga shirin rediyo ya bayyana wa jama'a doka, da yawa kuma yanzu a Facebook suke yi da Hausa. Wanda ya yi bayanin yadda ake rubuta yarjejeniyar bashi, ko haƙƙin mace bayan saki, ba tare da ya ce a zo wurinsa ba, jama'a da kansu za su nemi lambarsa. Saura kuwa ƙananan abubuwa ne: ɗaga waya, zuwa kotu a kan lokaci, da gaya wa mai ƙara gaskiya idan ƙararsa ba ta da ƙafa, ko da hakan na nufin ya koma gida da kuɗinsa, ko a kai shi ga sulhu.

Batun lada ya kamata a yanke shi tun zaman farko, a rubuce, a ba da rasit. Idan ijara ce, sharaɗi ne a san aikin, a san ladan. Yarjejeniyar cewa lauya zai ɗauki kaso cikin abin da aka ƙwato, wadda ƙa'ida ta amince da ita a shari'ar haƙƙi ban da ta laifi, malamai sun yi saɓani a kanta saboda ba a san adadin ba lokacin ƙullawa. Ya dace lauya da mai ƙara su yi tambaya kafin su sa hannu.

Kuɗin da ya shigo hannun lauya a madadin wani, na gidan magada da aka sayar ko na bashin da aka karɓo, doka ta wajabta a ajiye shi a asusu dabam na masu shari'a. A babban ofis akwai akawu da abokan tarayya masu sa ido. Mai aiki shi kaɗai babu mai ganinsa ranar da mai gidan haya ya matsa. Akwai kuma tambayar da magidanta ba su cika yi ba kafin su miƙa takardar gida ta asali: idan lauyan ya kwanta ciwo ko ta Allah ta kasance, wa ya san inda fayil yake? Lauyan da ke rubuta kowace ajiya a littafi, ya kuma yi yarjejeniya da wani abokin aiki da zai karɓi shari'o'insa, zai iya amsa ta nan take.