Yadda Busasshiyar Ƙasa Ta Tona Asirin Ingila a Pakistan

A watan Oktoba na 2024, 'yan wasan kurket na Ingila sun yi wa Pakistan cin kaca a birnin Multan. Masu masaukin baƙi ne suka fara bugu, suka tara maki 556, adadin da ko bai kawo nasara ba yakan hana shan kaye. Sai Ingila ta karɓi sanda ta zuba 823, Harry Brook shi kaɗai ya ci 317, Joe Root kuma 262. Kafin ranar ba a taɓa ganin ƙungiyar da ta haura 500 a zagayen farko, sannan aka doke ta ba tare da abokiyar karawarta ta sake ɗaukar sanda ba. Bayan mako biyu kuwa, Ingilar nan ce ta tattara kayanta, an ci ta wasa biyu a jere.

Kafin a gane abin da ya faru, sai an san ƙasar da ake wasan a kanta. Irin wannan wasa, wanda ake kira Test, yakan kai kwana biyar, kowace ƙungiya ta yi bugu sau biyu, kuma zagaye ba ya ƙarewa sai an fitar da mutum goma, ko kyaftin ya ce ya isa. Mai jifa yakan sa ƙwallo ta taɓa ƙasa kafin ta isa wurin mai sanda, a kan wani ziri na daɓaɓɓen yumɓu mai tsawon yadi 22. Duk rigimar tana cikin wannan taɓawar.

Masu jifa iri biyu ne. Akwai masu ƙarfi, waɗanda ƙwallonsu ke gudun kilomita 140 a awa. Akwai kuma masu murɗe, waɗanda nasu da ƙyar ke kai 90, amma suna murza ta da yatsu ko wuyan hannu kamar yadda yaro ke murza katantanwa. Ƙwallon ta fata ce, da ɗinki mai tudu a tsakiyarta. Tun tana sama juyawar ke sa iska ta karkatar da ita, ta kuma faɗo kafin inda ido ya zata. In ta sauka a ƙasa mai santsi sai ta wuce salin-alin. In kuwa ƙasar ta bushe ta tsage kamar fadama da rani, ɗinkin zai cafki ƙasa, ƙwallo ta yi kwana. Abin da ya fi rikita mai sanda shi ne a jefo biyu iri ɗaya, guda ta juya, guda ta miƙe.

Filin wasan farko shimfiɗe yake, ba ya taimakon kowane mai jifa. Da Pakistan ta ga uwar bari, sai ta ajiye taurarinta, Babar Azam da Shaheen Afridi da Naseem Shah, ta kira masu murɗe biyu, Sajid Khan da Noman Ali, wanda ke da shekara 38 a lokacin. A wasa na biyu aka koma kan zirin nan da aka riga aka tattake kwana biyar, aka kafa masa manyan fankoki don ya ƙara bushewa. Su biyun suka fitar da 'yan Ingila ashirin cif, Pakistan ta yi nasara da tazarar maki 152. A wasa na uku a Rawalpindi har da na'urorin ɗumama wuri aka haɗa da fankokin, kuma Ingila ta ƙare zagayenta na biyu da 112 kacal. Cikin fitarwa 40 a wasannin biyu, 39 aikin Noman da Sajid ne. Brook mai 317 bai sake kai 30 ba.

Wasu na kallon wannan a matsayin wayo, amma ni ban ga laifin Pakistan ba. A Ingila ana barin ciyawa da laima a kan zirin, abin da ke yi wa masu jifan ƙarfi daɗi, kuma baƙi daga Asiya sun daɗe suna ɗanɗana kuɗarsu a can. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi.

Asalin ciwon Ingila a gida yake. Yawancin wasannin gasarta ta cikin gida ana buga su ne a farkon kakar wasa da ƙarshenta, lokacin da ƙasa ke da danshi, don haka matashi yakan girma bai saba da ƙwallo mai kwana ba. Tun 2022, ƙarƙashin koci Brendon McCullum da kyaftin Ben Stokes, ƙungiyar ta rungumi salon kai farmaki ba ƙaƙƙautawa. Makaminta a gaban murɗe shi ne bugun shara, inda mai sanda ke durƙusawa ya share ƙwallon gefe. Yana aiki, amma in ƙwallo na tashi yau sama gobe ƙasa, kuskure kaɗan ya isa. Abin da irin wannan fili ke nema shi ne sassaucin hannu, da saurin ƙafa, da haƙurin tsayawa awa huɗu ko biyar, irin wanda Saud Shakeel na Pakistan ya nuna a Rawalpindi da ya ci 134 a kan ƙasar da ta gagari baƙi.

Ba kuma wannan ne karon farko da masu murɗe suka tona asirin Ingila a shekarar ba. A watan Janairu Ingila ta doke Indiya a Hyderabad da tazarar maki 28, sannan masu murɗen Indiya, Ravichandran Ashwin da Ravindra Jadeja da Kuldeep Yadav, suka sa ta a gaba, ta sha kaye a sauran wasanni huɗun.